Hanyar Auta

Shafi na 23

Kun kau da kai, kuma na gan ku.

A shafin da ya wuce na rubuta muku ƙiri-ƙiri cewa ruwan maɓuɓɓugar da ke bayan gidan Hajiya ya koma ja, kamar an wanke sabuwar tukunyar ƙasa a ciki. Na zauna ina jiran mai tambayar dalili. Me na samu? Wata tana son sanin kalar labulen da za a sa a bene. Wani ya cika min akwatin saƙo da wa'azi kan ko ya dace matar aure ta hau keke. Sauran kun rabu gida biyu, 'yan gari da 'yan tsauni, kuna jifan juna da hotunan dariya. Ruwa ya canja launi a gabanku babu wanda ya ce uffan. Haka kuke yi a zahiri ma. Kwalbati ya toshe a ƙofar gidanku, ku naɗe ƙafar wando ku tsallake, ku ce ai damina ce.

To ga dalilin jan ruwan. Wanda ya ga dama ya sake tsallakewa.

*

Falon Auta da mijinta ya koma kamar shagon da ake shirin rufewa. Kwalaye har bakin taga, katifa a jingine, kekunan hawan tsauni guda biyu a jikin bango, tayoyinsu masu kauri sun bar tambari a fenti. Mai gidan da suke haya ya riga ya sauke yashi da bulo a ƙofa. Shaguna zai mayar da wurin, kuma ya gaji da jin a ƙara haƙuri.

Yau ce ranar da Auta ta yi wa Hajiya alkawarin amsa: za su karɓi ɓangaren gidanta da ke gindin tsauni, ko ta ba wani.

Auta na tsugune tana ba ƙafar kekenta iska, mijinta na tsaye a kanta da kofin shayi yana ta yabon wani bene da dillali ya nuna musu a tsakiyar gari. Mijin nan shi ne 'yan ƙungiyar keke suke kira Guguwa, saboda yadda yake sauko gangare kamar an biyo shi da sanda. Shi ne kuma tun kafin aurensu ya cika mata kunne cewa mai son daji bai kamata ya kwana inda yake jin hon ɗin mota ba. Yau bakin nan ɗaya ne yake cewa benen yana da ruwan famfo, yana da mai gadi, kuma daga can zuwa asibitin da take aiki a ɗakin magani tafiyar ƙafa ce.

Ta ce masa hawa na huɗu ne. Ya ce motsa jiki ne. Ta ce matattakalar ko mutum biyu ba sa giftawa, balle mutum da keke a kafaɗa. Ya ce sai a riƙa cire ƙafar gaba. Ta ce tagar ɗakin kwana bangon maƙwabta take kallo, kuma tsuntsu ɗaya ta gani a duk unguwar, shi ma hankaka ne a kan bola. Ya ce hankaka ma halittar Allah ne.

Ta ajiye famfon iskar.

"Yallaɓai, wa ya canja min kai?"

"Babu wanda ya canja ni. Girma na yi."

"Daga faɗuwar damina zuwa yau?"

Ya kurɓi shayi. Sannan ya ɗauko abin da ya san ba ta da maganinsa: Inna. Ya ce mahaifiyarta ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Daga bene in an kira ta, kafin a ajiye waya ta iso. Daga gindin tsauni kuwa, kafin ta kai kwalta sai ta bi hanyar da in an yi ruwa ko babur sai an tura, kuma wayar ma ba ta kamawa a can sai mutum ya hau kan randa.

Gaskiya ce, kuma Auta ta sani. Ba yarinya ba ce. Ta san gidan tsauni zai cinye mata barcin safe, ta san ranar da aka sa ta aikin yamma za ta dawo a galabaice. Duk ta auna wannan tana lissafin ƙwayoyi a bayan tagar ɗakin magani. Amma ta san ɗaya gefen ma. Wuni guda tana tsaye tana karɓar ciwon mutane ta ƙaramar taga, ba inda ƙirjinta ke buɗewa sai in ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta ji kacar kekenta na kuka a hawa. Inna da kanta ta ce mata, je ki inda za ki yi numfashi, ai ba ke kaɗai na haifa ba.

Ta ɗauki hular kwano. Ta ce za ta hau tsohuwar hanya zuwa sama, ta zauna ta yi tunani inda babu mai yi mata tallar bene, sannan ta gangara wajen Hajiya ta faɗi abin da zuciyarta ta tsayar.

Shayi ya sarƙe shi.

Da tarin ya lafa sai ya ce ta bi kwalta, ya fi sauƙi. Ta ce ba sauƙi ta fito nema ba. Ya ce akwai hadari a gabas. Ta ce ba gishiri ba ce. Ya ce jiya ya ji birkinta na baya yana ƙara, bai yarda da shi ba.

Ta matse birkin, ta tura keken da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba.

"Birkina lafiya lau," ta ce. "Naka nake shakka."

Ta fice.

*

Tsohuwar hanya 'yan ƙungiya ne suka yanka ta tare, da diga da fartanya, kuma suna da ƙa'idar da ko sabon shiga ya haddace: hanyar keke ba ta fuskantar gangare kai tsaye. Sai ta yi ta lanƙwasa kamar maciji, hagu, dama, a kowace kwana a bar ɗan kwari inda ruwa zai zame ya shige ciyawa. In ka miƙar da ita, ka yi wa ruwan sama titi. Guguwa da kansa ya koya wa Auta wannan, ranar da ta fara riƙe fartanya, har yana zana mata da tsinke a ƙasa.

Ta hau a hankali da ƙaramar giyar keke, gumi na bin bayan kunnenta. Fakara ta tashi a gabanta da firgici. Can ƙasa gari ya koma kamar an watsa tsakuwa. Da ta kai rabi ta ji amsar ta zauna mata a rai ba tare da ta kira ta ba: nan za ta zauna, sauran a san yadda za a yi.

A sama, ƙarƙashin babbar bishiyar da ake hutawa, ta tarar da Oga Kaca da wasu 'yan ƙungiya biyu. Oga Kaca shi ne shugabansu, mai shagon gyaran keke, wanda baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba. Suna cikin dariya. Suna ganinta dariyar ta mutu.

"Uwargida ran gida," ya ce, yana washe baki fiye da kima. "Ke kaɗai? Ina Guguwa, ko ta lafa?"

Ta ce tana gida tana koyon son bene.

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya gyara wa kekensa tsayuwa ba gaira ba dalili, ya jingine shi a kan wani tulin rassa da aka sare. Auta ta bi keken da kallo, sannan ta bi ƙasa. Sawun tayoyi ne birjik, sun nufi tulin rassan sun shige ƙarƙashinsa. Keke ba ya shiga cikin ƙaya ya ɓace.

Ta jingine nata, ta taka ta janye reshe ɗaya.

Bakin hanya ne. Sabuwa, miƙaƙƙiya, ta kalli gangare ido da ido ta faɗa masa.

Ta ɗaga kai don ta tambayi wane marar hankali ne ya yi wannan, sai idonta ya faɗa jikin bishiyar. An kafa ƙusa daidai tsayin mutum. A jikin ƙusar ga ƙararrawar keke, shuɗiya, da ɗan lotsewa a gefe.

Ƙararrawarta ce. Marigayi mahaifinta ne ya ɗaura mata ita a kekenta na farko, ta yi ta cire ta tana mayarwa a kowane sabon keke, duk da tsiyar da 'yan ƙungiya suke mata cewa ta zo tsauni da kayan 'yan makaranta. Da rani ta neme ta ta rasa. Mijinta ya taya ta nema. Har ƙarƙashin kujera ya kwanta da fitilar waya.

Ku da ba 'yan keke ba, ga abin da wannan ke nufi. A ƙungiyarsu, in mutum ya yanka sabuwar hanya, yakan rataye wani abu na keken wanda ya sadaukar wa hanyar a bakinta. Hanyar ta ɗauki sunan mai abin. Sunan wanda ya yanka kuwa ba ya fita daga ƙungiya.

Auta ta juyo.

"Oga, yaya sunan hanyar nan?"

Ya sosa ƙeya. Ya kalli yaransa, suka kalli takalmansu.

"Wallahi mun ɗauka zuwa yanzu kin sani."

"Sunanta na tambaya."

"Hanyar Auta."

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun tsakiyar rani. Ta tambaya su waye suka bi ta. Ya ce gara ta tambayi wanda bai bi ba. Har fuskarsa ta ɗan yi haske da ya manta da kansa: ya ce bai taɓa hawa hanya mai daɗinta ba, in ka saki kanka daga nan sai dai ka riƙa jan birki ƙafar baya tana tirje ƙasa, kafin ka haɗiye yawu ka ga rufin Hajiya.

Ta ce kuma da aka fara ruwa fa?

Ya ce to, ruwa ai ba su suka kawo shi ba. Ƙasa ce, za ta warke. Sun ma rufe bakin da rassa don kar a ci gaba da bi.

"Kun rufe wa keke," ta ce. "Ruwan fa, shi ma ya ga rassan ya juya?"

Ta kama ƙararrawar ta girgiza har ƙusar ta fita, ta cusa ta a aljihun bayan rigarta. Nan Oga Kaca ya miƙe, wasa ya bar muryarsa. Ya ce ta yi wa Allah ta tuna maganar ƙungiya ba ta fita. In Hajiya ta ji 'yan keke ne, wajen masu kula da daji za ta kai, su kuma dama ƙiris suke jira su kafa allo su hana hawa tsaunin gaba ɗaya. Ba Guguwa kaɗai zai rasa ba. Kowa zai rasa, har ita.

Ta ɗaga kekenta ta tsallake rassan.

"Ba a hawanta yanzu," ya ce da sauri.

"Na sani. Da ƙafa zan bi. Ina so in ga abin da aka sa wa sunana."

*

Da farko kamar sawun keke ne da ya ɗan yi zurfi. Can gaba ya kai idon sawu. Can gaba kuma ya kai gwiwa, sai ta koma gefe tana jan keken cikin ciyawa, don abin da ke gabanta ya daina zama hanya. Kwazazzabo ne, jajawur, bakinsa na zubowa. Saiwoyi sun fito tsirara suna lilo. Wata ƙaramar bishiya da ta san tana cike da sheƙar tsuntsaye ta kife da kai, sheƙunan sun cika da laka.

Maɓuɓɓugar ce ta tsayar da ita. Nan ne ranar da suka fara zuwa duba gidan ta tsuguna ta sha da tafin hannu, ta ce wa mijinta ko don wannan ta yarda. Yanzu taɓo ya cike wurin, ruwan na fitowa da ƙyar ta gefe, ja, kamar rauni.

Daga nan kwazazzabon bai yi wata-wata ba. Ya miƙe ya daki katangar bayan gidan Hajiya. Wani sashe ya zube, sauran ya tsage daga sama har ƙasa, daidai bayan ɗakin da aka ce zai zama nasu.

A gindin katangar ga mijinta a tsaye, kekensa a yashe. Ta kwalta ya biyo, ya riga ta isowa.

Ta zaro ƙararrawar ta nuna masa.

"Bari in yi miki bayani."

"Har ƙarƙashin kujera ka shiga."

"Auta."

"Da fitila. Kana cewa ƙila ɓera ne."

Ya ce kyauta ce. Ya ce tun ranar da ta sha ruwan nan ta ce ta yarda, ya ƙudura zai yi mata abin da babu wanda aka taɓa yi wa: hanya daga ƙolin tsauni har ƙofar bayan gidanta, ta sauko da numfashi ɗaya ta shiga ɗaki. Duk fitar da ya riƙa yi da rani yana cewa atisaye, diga yake riƙe da ita. Ranar tarewa ya so ya rufe mata ido ya kai ta sama ya nuna mata ƙararrawar.

"Wa ya koya min cewa ba a miƙar da hanya?"

"Ni ne."

"To me ya faru?"

"Na san ke ba kya son hanya mai kwana da yawa, tana rage miki gudu. Kuma na ɗauka zan yi mata magudanai kafin damina."

"Ka yi?"

"Mutane suka fara bi. Kowa na yabo. Na ce sai an jima."

Ta rufe ido. Wannan "sai an jima" ɗin, jama'a, ita ta rushe katangu fiye da duk ambaliyar da kuka taɓa ji.

Ya ce bayan ruwan farko ya hau ya ga hanyar ta fara zama rami. Bayan na biyu katanga ta zube. Ya rasa ta inda zai fara. Sai ya ga in suka koma bene, ba za ta riƙa bin wannan gefen ba, ciyawa za ta rufe wurin, magana ta mutu.

"Shi ne ka ɗauko min Inna."

"Abin da na faɗa a kan Inna gaskiya ne."

"Gaskiya ne. Shi ya sa ya fi ciwo. Ka ɗauki ciwon uwata ka rufe bakin rami da shi, kamar yadda kuka yi da rassa."

Ya sunkuyar da kai.

Ta tambaye shi Hajiya fa, tsohuwar da ke kwana a bayan wannan katangar, ita wane bene za ta koma? Ya ce katangar dama ta tsufa. Ta ce maɓuɓɓugar ma tsufa ta yi? Ya ce zai gyara. Ta ce daga hawa na huɗu? Ya ce zai riƙa zuwa a ɓoye yana cike ramin da duwatsu. Ta ce a ɓoye ya tona, a ɓoye zai cike, ita kuma ta yi ta wucewa da sunanta a kan ɓarna tana gaida Hajiya da murmushi.

"Mu nawa ne muke cewa muna son daji?" ta ce. "Mu saka hoto, mu rubuta Allah mai halitta. Ashe gudu muke so. Dajin filin wasa ne kawai."

"Ki yi min duk faɗan da za ki yi a gida. Amma don Allah kar ki faɗa mata. In ta ji, gidan nan ya tafi. Tsaunin ma ya tafi. Abin da kike so ɗin ne za ki rasa, ba ni ba."

Nan ya kama ta, kuma ya san ya kama ta. Ta kalli tagar ɗakin da ta riga ta zaɓa wa wurin ajiye kekuna. Ta kalli tsaunin, kore shar har inda hadari ya fara cin kansa. In ta yi shiru, duk wannan nata ne. A gyara katanga a hankali, a cike rami, wa zai sani?

Ƙofar baya ta yi ƙara.

Hajiya ce ta fito tana dogara sanda, mayafi a kafaɗa, makulli a hannu ɗaure da jan zare. Ta ce tun ɗazu take jin murya, ta ce ko 'ya'yanta ne suka iso suke tsaye a baya kamar baƙi. Ta ce kar katangar nan ta tsorata su, za a tayar da ita. Kuma wanda ya jawo abin, yau zai gane kurensa.

Guguwa ya ɗago da sauri.

Hajiya ta nuna gefen gangare da sandarta, inda wani maƙwabcinta yake da ɗan lambu. Ta ce mai lambun nan ne ya karkato ruwa don ya kare kayan miyarsa, ya turo mata shi. Ta kai ƙararsa wurin mai unguwa, an sa zama yau bayan la'asar, kuma ta rantse sai an tashe shi daga filin. Mutum da iyali, ta ce, amma ba tsoron Allah. Wai har da ƙarya. Wai ya bi ramin har sama ya ga inda ya faro, wai akwai wata shuɗiyar ƙararrawa a jikin bishiya, a nemi mai ita a tambaye shi.

"Ƙararrawa a kan bishiya," Hajiya ta ce tana dariya. "Ka ji tatsuniya da rana tsaka. Zo nan, 'yata, karɓi makullinki. Tun da na gan ki na san ke ce mai ɗakin nan."

Auta ta kalli mijinta. Idonsa na roƙonta. Bakinsa a rufe, kuma ta ga alamar a rufe zai zauna har la'asar, har a tashi mai lambu.

Ta matsa ta durƙusa don ta gaida tsohuwar. Aljihun bayan riga ba shi da zurfi. Abin da ta mayar ciki da gaggawa ya zame, ya faɗo kan dutse, ya yi ƙara ɗaya siririya, ya gangara har gaban takalmin Hajiya ya tsaya.

Shuɗiya. Da ɗan lotsewa a gefe.

Dariyar Hajiya ta tsaya a rabi. Ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta taɓa shi da bakin sanda ta juya shi.

"Wannan ta waye?"

Guguwa ya buɗe baki, ya ce wai a hanya suka…

"Tawa ce, Hajiya," Auta ta ce, tana durƙushe. "Mai lambu bai yi ƙarya ba. Ki zauna, akwai sauran magana, kuma ga mai ƙarasa ta nan a tsaye."

Hannun da ya miƙo makulli ya koma a hankali. Yatsun Hajiya suka rufe a kansa ɗaya bayan ɗaya, har jan zaren ya ɓace.

Can bisa tsauni aka yi tsawa. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙararrawar.

*

Kar wanda ya rubuto min "Allah sarki Auta." Kar wanda ya tambaye ni ko Hajiya za ta ba su gidan. Kuma masu shirin zagin Guguwa, ku dakata, don da yawanku Oga Kaca ne: kun gani, kun ji daɗi, kun ja reshe kun rufe.

Kowa a cikinku ya san wani rami da ke girma a inda yake bi. Ka san wanda ya tona, ko wanda ya toshe magudana da shara, ko wanda ya sare bishiyar da ke riƙe gaɓar. Wataƙila ma kai ne.

Ajiye wayar nan. Fita ka bi sawun ruwan unguwarku da ƙafarka har inda yake ƙarewa, ka ga katangar wa yake ci. In da hannunka a ciki, ƙwanƙwasa ƙofar mai katangar ka faɗa masa da bakinka kafin a ɗora wa wani. Ka tafi da shebur. Yau, kafin hadarin nan ya sauko.